Dokar rabon lemun tsami a Kalifoniya da Arizona: wa ta kare, wa ta danne?

Malam Habibu, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Batun da nake so mu tattauna a wannan makon shi ne wata doka da ta yi aiki a Amurka daga 1941 zuwa 1994, wadda ta ƙayyade yawan lemun tsamin da za a fitar daga jihohin Kalifoniya da Arizona zuwa kasuwa a kowane mako. Asalinta wata babbar doka ce ta cinikin amfanin gona da majalisar Amurka ta yi a 1937, bayan karayar tattalin arzikin da ta jefa manoma cikin mawuyacin hali. Wannan doka ta ba masu noma amfani iri ɗaya damar su nemi gwamnati ta tsara musu yadda kayansu za su riƙa shiga kasuwa, kuma da zarar kashi biyu cikin uku na manoman sun amince, ko ta yawansu ko ta yawan abin da suke nomawa, sai tsarin ya hau kan kowa, har da wanda ya ƙi.

Manoman lemun tsami sun bi ta wannan ƙofa. Aka kafa kwamiti na manoma da masu gidajen shirya lemu, wato kamfanonin da ke karɓar lemun daga gona su wanke, su tantance, su zuba a kwali su sayar. Kowane mako kwamitin yakan zauna ya ba da shawarar cewa kwali kaza za a fitar a mako mai zuwa, ma'aikatar noma ta amince ta buga a gazet ɗin gwamnatin tarayya, sannan a raba adadin tsakanin gidajen, kowa da kasonsa. Wanda ya wuce kasonsa ya karya doka. Tambayata ita ce, shin wannan tsari kariya ce ga manomi, ko kuwa hanya ce da manya suka samu ta ɗaure hannun abokan gogayyarsu?

Alhaji Garba, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya saka da alheri. Da na karanta bayaninka, abin da ya fara zo mini a rai shi ne hukumar sayen gyaɗa da auduga ta zamanin iyayenmu, irin waɗanda aka rushe a 1986. Iyayenmu ba su ji daɗinta ba, domin ita ke yanka farashi, ribar kuma ta tafi wani wuri dabam. Shin wannan ta Amurka ba ita ba ce aka sauya wa suna? In kuwa ba ita ba ce, to ni da na sha ganin yadda kaya ke ruɓewa a hannun mai shi idan motoci suka sauka kasuwa a rana guda, ba zan yi saurin aibanta ta ba.

Dakta Nasiru, Sakkwato:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai bambanci babba. Hukumar da ka ambata ita ce mai saye, ta hannun wakilanta masu lasisi, a kan farashin da ta yanka ƙasa da na kasuwar duniya. Kwamitin lemun tsami kuwa bai taɓa sayen ko kwali ɗaya ba, bai kuma taɓa yanka farashi ba. Yawan kayan da ke shiga kasuwa kawai ya riƙe, kuma manufarsa ita ce farashi ya tashi, ba ya sauka ba.

Dalilin da ya sa wannan dabara ta dace da lemun tsami shi ne yanayin buƙatarsa. Lemun tsami a gidan Ba'amurke kamar gishiri yake: ana matsa shi a kan kifi, a sa a shayi, a haɗa abin sha, amma don ya yi araha ba wanda zai ninka abin da ya saba saya, don ya yi tsada kuma ba a daina saye. Saboda haka ɗan ƙari kaɗan a kasuwa yakan karya farashi ƙwarai, ɗan ragi kaɗan kuma yakan ɗaga shi sosai. To, lemun yana da kasuwa biyu. Akwai ta ɗanyen lemu, wanda ake jerawa a kantuna, inda kuɗin yake. Akwai kuma ta masana'anta, inda ake tatsar ruwansa da man ɓawonsa, wadda farashinta ƙasƙantacce ne, har a wasu shekarun ba ya biyan kuɗin tsinka da dako. Dokar ta ƙayyade kasuwar ɗanyen lemu ce kawai, a cikin Amurka da Kanada. Abin da za a kai masana'anta ko a loda wa jirgin ruwa zuwa ƙasashen ƙetare ba shi da iyaka. A shekarun 1980 adadin da ake yarda a fitar yakan zagaya kwali 300,000 a mako, kowane kwali kimanin kilo 17, kuma yakan ƙaru a lokacin zafi da buƙata ke hauhawa. Duk abin da ya yi saura sai ya nemi wata hanya, shi ya sa a shekaru da yawa kusan rabin amfanin yakan ƙare a masana'anta, alhali mafi yawansa ba shi da aibin da zai hana a sayar da shi ɗanye.

Malam Isuhu, Fresno:
Bari in ƙara da yadda abin yake a ƙasa, tunda ina zaune a kwarin San Joaquin da ke tsakiyar Kalifoniya, inda ake noman lemu da yawa, kuma har yanzu akwai dattawan da suka yi aiki a gidajen shirya lemu a wancan zamani.

Ba a jiran lemun tsami ya nuna a bishiya. Girmansa ake dubawa. A da mai tsinka yakan riƙe zoben ƙarfe a hannu ɗaya da ɗan almakashi a ɗayan, duk lemun da ya ƙi wucewa ta cikin zoben sai ya yanke shi, ko da kore ne shar. A gidan shiryawa sai a wanke shi, a shafe shi da kaki, a ware shi bisa launi, a jera a ɗakuna masu sanyi-sanyi. A nan yakan yi makonni ko watanni, ya koma ruwan ɗorawa, ɓawonsa ya yi laushi, ruwansa ya ƙaru. Wannan jure ajiya shi ne ya sa ma aka iya tunanin fitar da shi kaɗan-kaɗan.

Kason kowane gida kuwa ana lissafa shi ne gwargwadon yawan lemun da aka tsinko aka kawo masa, idan aka kwatanta da na sauran gidaje gaba ɗaya. Dokar ta yarda a ɗan wuce kaso da kaɗan a cire daga na mako mai zuwa, ta kuma yarda wani gida ya ara wa wani kaso a biya shi daga baya. Sai ku kwatanta manajan wani gida a ranar Alhamis. Wani mai kantuna a Chicago ya bugo waya yana son mota guda, ya yarda da farashi, lemun yana nan jibge a ɗakin ajiya, ma'aikata suna nan, amma kason makon ya ƙare. Sai manajan ya shiga buga wa gidajen da yake gogayya da su waya yana neman aro. In bai samu ba, dole ya ce wa mai sayen ya yi haƙuri, shi kuma mai sayen ya tafi wurin wanda kasonsa bai ƙare ba.

Akwai kuma rigimar yankuna, domin an raba ƙasar noman gida uku. Bakin teku na kudancin Kalifoniya, musamman gundumar Ventura, yana tsinka kusan duk shekara kuma lemunsa yana jure ajiya har lokacin zafi. Kwarin nan namu yana tsinka ne daga kaka zuwa bayan hunturu. Hamadar Arizona, wajen Yuma, da hamadar Kalifoniya suna fara tsinka tun ƙarshen lokacin zafi, lokacinsu gajere ne, lemunsu kuma ba ya daɗewa a ajiye. Duk ma'aunin da aka ɗauka na rabo, sai wani yanki ya ga an ƙware shi.

Hajiya Rabi, Kaduna:
Ni dai, 'yan'uwa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai saye, wanda har yanzu ba wanda ya tsaya masa a wannan tattaunawa. Idan na fahimci Dakta daidai, an hana lemu mai kyau shiga kanti ne da gangan domin matar da ke cefane ta biya fiye da yadda ya kamata. A 1981 jaridun Amurka sun buga hotunan tarin lemun zaƙi, wanda shi ma yake ƙarƙashin doka irin wannan, an zubar a fili yana ruɓewa, wani ana ba shanu, a ƙasar da ke da talakawan da sayen 'ya'yan itace ke yi wa wuya. Duk bayanin da masana za su kawo, zubar da abinci don farashi ya tashi almubazzaranci ne, kuma abin ya fi muni idan gwamnati ce ta tsaya a kai.

Alhaji Garba, Kano:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, amma ki dubi ɗaya gefen. Bishiyar lemu ba masara ba ce da za ka shuka bana ka fasa baɗi. Sai ta yi shekaru kafin ta fara ba da amfani, kuma idan ta fara ba ta tambayar ka ko kasuwa tana da kyau. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a gonar lemu, shekara ɗaya ta faɗuwar farashi tana iya raba shi da gonar. Idan kowa ya kwaso kayansa a mako guda, mai ƙarfi ne zai jure, ƙaramin manomi kuwa shi zai sayar a wulaƙance. Kuma a irin wannan rana ba mai cefane ce ke cin ribar ba, mai kanti ne, domin shi zai saya da araha ya sayar yadda ya saba. Ni a ganina mutanen da suka ɗanɗani wahalar shekarun 1930 ba wauta suka yi ba da suka ce a bi layi.

Barista Amina, Abuja:
Alhaji, bin layi ba laifi ba ne, amma sai an tambayi wanda ke tsara layin. A nan ne sunan Sunkist yake shigowa. Ƙungiya ce ta haɗin gwiwar manoman lemu wadda asalinta ya faro a 1893, ta ɗauki wannan suna a 1952, kuma a zamanin dokar fiye da rabin lemun tsamin jihohin biyu ta hannunta yake bi. Doka ta ba ƙungiya irin wannan damar jefa ƙuri'a dunƙule a madadin dukkan 'ya'yanta. Ma'ana, duk lokacin da aka zo ƙuri'ar a ci gaba da tsarin ko a gyara shi, shugabannin ƙungiyar ne ke amsawa da yawun dubban manoma, har da waɗanda da an tambaye su ɗai-ɗai da sun ce a'a. A kwamitin ma ita ce ke da kujeru mafi yawa. Saboda haka gidan da yake zaman kansa yana jiran a gaya masa abin da zai sayar a mako mai zuwa ne daga teburin da babbar abokiyar gogayyarsa ta fi kowa murya.

Ku lura kuma da cewa idan 'yan kasuwa suka haɗa baki da kansu suka raba kasuwa haka, laifi ne babba a dokar Amurka. Dokar 1937 ce ta keɓe wannan tsari daga hukunci, ta kuma ƙara masa da ƙarfin gwamnati, domin wanda ya wuce kasonsa ana iya tilasta masa biyan gwamnati kuɗin abin da ya ƙara bisa farashin kasuwa. Sannan ƙungiyar ta kafa masana'antarta ta sarrafa lemun tsami a garin Corona tun a 1915, don haka lemun da dokar ta hana shiga kanti yana da wurin zuwa a cikin gidanta. Ban ce 'ya'yan ƙungiyar attajirai ne duka ba, da yawansu masu ƙananan gonaki ne. Abin da nake cewa shi ne, a ƙarƙashin wannan tsari gidan da ya fi iya neman masu saye, ya fi rage kuɗin aiki, ba shi da halin ya faɗaɗa cinikinsa da ƙwazonsa. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ya janyo manoma daga wasu gidaje domin kasonsa ya ƙaru. Ƙarfin masu goyon bayan tsarin ya kai ga cewa, da ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya fara bincikar irin waɗannan dokoki a zamanin Ronald Reagan, majalisa ta hana shi kashe ko sisi a kan wannan bincike.

Dakta Nasiru, Sakkwato:
Ina so in koma kan ƙaramin manomin da Alhaji yake karewa, domin a ganina shi ma tsarin bai kare shi yadda ake zato ba. Dokar ta ƙayyade abin da za a sayar, amma ba ta ƙayyade abin da za a dasa ba. Manomi ana biyan sa ne a kan haɗin kasuwannin biyu, ɗanye da masana'anta. Idan wannan haɗin ya yi kyau, sai mutane su dasa sababbin gonaki, kuma tunda kaso yana bin yawan lemun da aka tsinko ne, kowane gida yana da dalilin son a ƙara masa bishiyoyi ko da ya san ba a kanti za su ƙare ba. Bayan wasu shekaru amfanin ya ƙaru, buƙatar ɗanyen lemu tana nan kusan yadda take, sai a ƙara tura kaso mafi yawa zuwa masana'anta. Mai saye yana ci gaba da biyan tsada, amma abin da ke shiga aljihun manomi a kan kowace kadada ya koma ƙasa. An kashe ruwa da taki da ƙwadago wajen noma lemun da tun farko ba a buƙace shi ba.

An ma ɗan gwada cire takunkumin. A farkon 1985, bayan sanyi ya lalata lemun Florida, ministan noma John Block ya dakatar da rabon mako na lemun zaƙi irin mai cibiya har ƙarshen kakar, kuma kasuwa ba ta rushe ba. Masu goyon bayan tsarin sun ce gwajin bai cika ba tunda shekarar ta ƙarancin kaya ce, kuma wannan hanzari ne mai ma'ana.

Malam Isuhu, Fresno:
Dakta, na yarda da mafi yawan bayaninka, amma kada a ɗora wa dokar rabo alhakin duk wata bishiya da aka dasa. A shekarun 1960 masu kuɗi daga birane, waɗanda ba su da alaƙa da noma, sun riƙa zuba jari a sababbin gonakin lemu domin dokar haraji ta ba su damar cire kuɗin raino daga abin da za a caje su, har sai da majalisa ta toshe wannan kafa a 1969. Haka kuma Japan ta buɗe kasuwarta ga lemun tsamin waje a 1964, ta zama babbar mai saye, abin da ya ƙara wa mutane kwaɗayin dasawa. Waɗannan abubuwa biyu sun taimaka wajen cika ɗakunan ajiya. Abin da dokar rabo ta yi shi ne ta jinkirta ranar da kasuwa za ta gaya wa masu gonakin cewa sun yi yawa.

Malam Habibu, Zariya:
Na gode ƙwarai. Barista, tunda tsarin yana da wannan ƙarfi a majalisa da a kwamiti, me ya kayar da shi a 1994? Masu saye ne suka yi nasara, ko kuwa masana irin su Dakta ne suka shawo kan gwamnati?

Barista Amina, Abuja:
Ko ɗaya, Malam. Daga cikin gida aka rushe shi, kuma a kan kason nan ne. Wani mai gidan shirya lemu, Carl Pescosolido, na kamfanin Sequoia Orange da ke garin Exeter, ya shafe shekaru yana yaƙar tsarin a kotu da a jaridu. Daga baya kamfaninsa ya ɗauko wata tsohuwar doka ta 1863, wadda aka ƙarfafa a 1986, da ke ba mutum damar ya kai ƙarar wanda ya damfari gwamnati a madadin gwamnatin, in an yi nasara a ba shi wani ɓangare na abin da aka ƙwato. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shigar da ƙararraki fiye da 30 a kan gidajen shirya lemu, da yawansu masu alaƙa da Sunkist, bisa zargin cewa suna fitar da kaya fiye da kasonsu suna kuma cika takardun da ba su nuna gaskiyar abin da suka fitar ba. Wato waɗanda suka fi kowa kare dokar a bainar jama'a su ne ake zargi da keta ta a ɓoye.

A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa yadda ma'aikatar noma ke fitar da adadin mako na lemun zaƙi bai cika ƙa'idar sanar da jama'a da sauraron ra'ayinsu ba. Ma'aikatar da kanta ta gano cewa keta kaso ya zama ruwan dare, kuma manoman sun kasa daidaitawa a kan gyara. A watan Mayun 1994 ministan noma Mike Espy ya sanar da cewa za a soke dokokin uku, ta lemun tsami da biyu na lemun zaƙi, aka kuma soke su a wannan shekarar. Gwamnati ta nemi kotu ta kori ƙararrakin duka, ba don ta ce na lemun tsami ba su da tushe ba, sai don tana so a kawo ƙarshen gabar da ta raba masana'antar. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar mata da wannan iko, kuma lauyoyi sun shafe shekaru suna kafa hujja da wannan hukunci a shari'un da ba su da alaƙa da lemu.

Alhaji Garba, Kano:
To, in haka ne, Barista, ai masu bin doka da gaskiya su ne suka yi asara sau biyu: sun riƙe kayansu a ɗaki suna kallon wasu suna sayarwa, sannan aka yafe wa masu sayarwar. Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba cewa kayan da ke lalacewa suna buƙatar tsari. Sai dai Malam Isuhu ya gaya mana, bayan an cire dokar, ƙananan manoman nan sun tsira ko sun tafi?

Malam Isuhu, Fresno:
Alhaji, noman lemun tsami bai mutu ba. Kalifoniya ce har yanzu ke noma mafi yawan na Amurka, Ventura tana nan da gonakinta, Sunkist ma tana nan tana ciniki. Kowane gida yanzu shi ke yanke shawarar abin da zai fitar da abin da zai bari a ɗakin sanyi, gwargwadon yarjejeniyar da ya ƙulla da manyan kamfanonin kantuna, waɗanda suka ragu a yawa suka ƙaru a ƙarfi. Gidajen shiryawa sun haɗe sun zama kaɗan, ƙananan gonaki da dama sun koma hannun manya ko an gina gidaje a kansu, amma haka ta faru ga amfanin gona da yawa da ba su taɓa sanin rabon mako ba, ga kuma tsadar ruwa da ta ƙwadago da suke nasu aikin.

Rigimar da ta biyo baya ta koma bakin iyaka. Lemun tsami yana shigowa daga Chile da Meziko, sannan a 2017 gwamnati ta buɗe wa na Ajantina ƙofa, wanda mafi yawansa daga lardin Tucumán yake fitowa. Manoman Kalifoniya sun kai ma'aikatar noma ƙara suna cewa zai shigo da cututtukan bishiya, kotu ba ta ba su gaskiya ba, kuma a 2018 kayan suka fara sauka a tashoshin jiragen ruwan Amurka, a daidai watannin zafi da lemun Ventura ya saba cin kasuwa.